Takardar Rangwame: Yadda Manomi da Magidanci Za Su Ci Moriyarta

GABATARWA

Ragi da gyara tsofaffin al'adu ne a kasuwannin ƙasar Hausa. Mai sayen gero a kasuwar Azare yakan taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja-in-ja har a daidaita a sallama. In an gama awo kuma a ɗora masa ɗan gyara a kan mudun ƙarshe. Wannan rangwame ne na baka, wanda ya dogara ga sanayya da iya ciniki. A zamanin nan kuwa an sami wani irin rangwame da ake rubutawa a takarda, ko a aiko da shi ta wayar hannu, yana ɗauke da lamba da wa'adi. Shi ake kira takardar rangwame, ma'aikatan ofis kuwa sukan ce mata bauca. Gwamnati takan ba da ita, haka ma kamfanoni da manyan kantuna da ƙungiyoyin agaji.

A Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, inda yawancin magidanta manoma ne, takardar da ta fi shafar jama'a ita ce ta takin zamani da irin shuka. Saboda haka a kanta wannan bayani zai fi ba da ƙarfi, sa'an nan a taɓo ta kantuna da kamfanoni. Abin da ake so kowa ya riƙe shi ne, takardar rangwame ba ta rage wa mutum kashe kuɗi sai idan abin da zai saya da ita yana cikin lissafinsa tun da fari, kuma ya tanadi nasa kason kafin ranar karɓa. Wanda bai yi haka ba, wani ne zai ci moriyar takardarsa.

MECE CE TAKARDAR RANGWAME?

Takardar rangwame shaida ce cewa wani ya ɗauki alkawarin biyan wani kashi na kuɗin kaya a madadin mai riƙe da ita. Mutum uku ne a cikin sha'anin, watau mai bayarwa, da mai karɓa, da dillalin da kayan suke hannunsa. Mai karɓa zai kai takardar wurin dillali, ya biya kasonsa, ya ɗauki kaya. Shi kuma dillali ya tara takardun, ya kai wa mai bayarwa, a biya shi cikon kuɗinsa.

Kowace takarda ta gaskiya tana bayyana abu huɗu: irin kayan da za a karɓa, da yawansu, da wurin karɓa, da ranar da wa'adinta zai cika. In an rasa ɗaya daga cikinsu, to, sai a yi tambaya kafin a fitar da ko kwabo.

Wajibi ne kuma a gane cewa rangwamen da ke cikin takarda akwai mai biyansa. In ta gwamnati ce, daga baitulmalin jama'a aka biya, da nufin a sami wadatar abinci a ƙasa. In ta kamfani ce, kuɗin talla ne, da nufin mai saye ya saba da kayan kamfanin ya riƙa komowa. Sanin manufar mai bayarwa yana taimakon mutum ya auna ko takardar ta dace da bukatarsa.

ASALINTA A WAƊANSU ƘASASHE

Wajen ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Coca-Cola na Amurka ya riƙa raba takardun da mutum zai nuna a ba shi kofi ɗaya na lemon kyauta, don jama'a su ɗanɗana su saba. Daga irin wannan ne takardun rangwame na 'yan kasuwa suka yaɗu.

Gwamnatoci kuma sun ɗauki dabarar don wata manufa dabam. A 1939 gwamnatin Amurka ta fito da takardun sayen abinci don marasa ƙarfi: wanda ya sayi takardun dala ɗaya masu ruwan lemo, sai a ƙara masa masu launin shuɗi na rabin dala kyauta. A Ingila, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an fara rabon abinci da littafin takardu a watan Janairu na 1940, ba a kuwa daina ba ɗungum sai 1954. A nahiyar Afirka, ƙasar Malawi ce ta yi suna a kan takardar taki. A 2005 gwamnatin Shugaba Bingu wa Mutharika ta fara raba wa ƙananan manoma takardun sayen taki da irin masara a kan farashi mai rahusa, ƙasashe da yawa kuma suka yi koyi da ita.

YADDA TA ZO NIJERIYA

A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta kuma haɗa sayen taki da rarraba shi a hannun Gwamnatin Tarayya. A waɗansu shekaru na wancan zamani gwamnati ta ɗauki kashi 75 cikin 100 na kuɗin buhu, ko fiye. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ɗora da nata shirin bunƙasa noma, a 1981 kuma aka kafa shirin raya aikin gona na Jihar Bauchi da taimakon Bankin Duniya, wanda ofishinsa na shiyyar arewa yake Azare.

Amma rabon taki ta hannun hukuma ya gamu da matsaloli. Sau da yawa taki yakan iso bayan shuka ta wuce lokacin bukatarsa. Wani kuma yakan ɓace a hanya, ya ɓullo a kasuwa da tsada, ko a tsallaka da shi iyaka zuwa ƙasashe maƙwabta. A 1997 aka janye tallafin, a 1999 aka maido da shi a kan kashi 25 cikin 100, matsalar dai ba ta kau ba.

Wannan ne ya sa aka juya ga takardar rangwame, domin tallafin ya bi sunan manomi maimakon ya bi motar taki. An gwada ta a waɗansu wurare na jihohin Kano da Bauchi, a 2009 kuma aka faɗaɗa gwajin a jihohin Kano da Taraba. A 2012, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, Ministan Aikin Gona Dokta Akinwumi Adesina ya kawo shirin da aka fi sani da GES. Ministan ya sha faɗin cewa a tsohon tsari kashi 11 cikin 100 kaɗai na manoma ne takin gwamnati yake isa hannunsu. A sabon tsarin, manomi zai yi rajista, a aiko masa da saƙo mai lamba ta wayar hannu, ya je cibiyar karɓa ya biya rabin kuɗin buhu biyu masu nauyin kilo 50 kowanne, ɗaya kamfa ɗaya yuriya. Ɗaya rabin kuwa Gwamnatin Tarayya da ta jiha suka raba shi daidai. A lokacin buhu yana wajen Naira 5,500, watau manomi ya biya kuɗin buhu ɗaya ya tafi da biyu.

Miliyoyin manoma sun yi rajista, da yawa kuma sun amfana. Duk da haka an sami cikas: rashin waya ko rashin layin sadarwa a ƙauyuka, nisan cibiyar karɓa, jinkirin kai kaya, da bashin da dillalai suka biyo gwamnati. Bayan 2015 shirin ya ja baya. A ƙarshen 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Maroko don kawo kayan haɗa taki, aka riƙa haɗa shi a masana'antun cikin gida ana sayar da buhu Naira 5,500. A watan Nuwamba na 2023 kuma aka ƙaddamar da noman alkama na rani a yankin Haɗeja ta Jihar Jigawa, ƙarƙashin wani sabon shiri mai suna NAGS-AP, da kuɗin Bankin Raya Afirka, inda aka koma ga tsarin saƙon waya da biyan wani kashi na kuɗin kaya.

Sunan shiri yakan sauya, yawan rangwame ma haka, amma tushen ɗaya ne: hukuma ta biya kashi, manomi ya biya kashi. Don haka kowace shekara sai manomi ya nemi sanin ƙa'idar wannan shekarar daga malamin gona ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa.

INDA GIZO YAKE SAƘA

Damina a ƙasar Katagum gajera ce. Ruwa yakan zauna wajen watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, ƙasar kuwa yawancinta jigawa ce mai bukatar taki. Lokacin da ake neman taki shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ga kuɗin huɗa da na noma suna jira. Watau takarda takan iso a daidai sa'ad da aljihun manomi ya fi bushewa.

'Yan baranda sun san da haka. Sukan tsaya kusa da cibiyar karɓa da kuɗi a hannu, su tare wanda ya zo ba shi da cikon biya, su saye lambarsa. Ga misali don a ga girman hasarar. A ƙaddara buhu yana Naira 40,000 a kasuwa, takarda kuma ta ba da buhu biyu a kan rabin kuɗi. Darajar takardar ke nan Naira 40,000. Ɗan baranda ya ba manomi Naira 10,000 ya karɓe ta, ya biya dillali Naira 40,000, ya kwashi kayan Naira 80,000. Duk abin da ya kashe Naira 50,000 ne, ribarsa Naira 30,000 a yini ɗaya. Manomi kuwa ya tafi da kashi ɗaya cikin huɗu na haƙƙinsa. Bayan mako uku, da ya ga dawarsa ta yi ja, sai ya koma kasuwa yana sayen taki mudu-mudu, alhali farashin mudu ya fi na buhu tsada in an lissafa. Mai yiwuwa ma takin nasa ne aka farke ake auna masa.

Wani kuma ba ya sayar da takardar, sai ya ci bashin ba-da-kaka don ya biya kasonsa. In ya karɓi kuɗi da damina a kan zai biya da buhun hatsi da kaka, aka kuma yanke masa farashi ƙasa ƙwarai da abin da hatsin zai yi, to, rangwamen da gwamnati ta yi masa ya koma aljihun mai ba da bashi. Nan ma sai a yi lissafi kafin a amsa.

TANADI TUN DA KAKA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin takin bana, da kakar bara ake ware shi. Sa'ad da amfanin gona ya zo gida, ya kamata magidanci ya zauna ya kasa shi: abincin gida har zuwa wata kaka, kuɗin makaranta, kuɗin magani, hidimar biki da suna, da kuma kason gona. Kason gona ya haɗa da iri, da taki, da kuɗin ƙwadago. In an ware shi, kada a taɓa shi sai da larura mai ƙarfi.

Akwai hanyoyi da dama na ajiye wannan kaso, kowa ya zaɓi wadda ta fi masa sauƙi.

Ta farko ita ce ajiye kayan gona masu daraja, kamar wake da riɗi da gyaɗa, a sayar da bazara sa'ad da farashi ya ɗaga. Wake yana bukatar kariya daga ƙwari. Buhun nan mai ninki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da abokan aikinsu na Afirka, yana hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba, muddin an ɗaure shi sosai kuma bai huje ba.

Ta biyu ita ce turka rago ko ɗan akuya da kaka, a ciyar da shi da harawa da dusa, a sayar gab da faɗuwar damina. Taki na turke ma riba ce ta dabam.

Ta uku ita ce adashi. Manoma goma ko ashirin za su iya shirya zubi yadda kwasa za ta faɗo a watannin Afrilu da Mayu. Mata masu sana'ar cikin gida, irin su ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sun daɗe da gwanancewa a kan wannan, kuma mace mai gona tana da haƙƙin yin rajista da sunanta kamar kowa.

Ta huɗu ita ce ajiya a banki ko a asusun ƙungiyar manoma mai rajista. Sai dai a tuna cewa darajar Naira tana iya sauka kafin damina, kamar yadda aka gani bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuma farashin taki yana bin abin da ke faruwa a duniya, kamar yadda ya hau a 2022 sa'ad da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren. Saboda haka mai ajiyar kuɗi ya ɗora wani abu a kan farashin bara.

Daɗin daɗawa, wanda ya yi tanadi ba ya hasara ko da takarda ba ta zo ba. In ta zo, ya sami buhu biyu. In ta yi jinkiri, ya sayi buhu ɗaya a kasuwa ya zuba a kan kari. Kuskure ne babba manomi ya bar shuka tana jiran saƙon waya har lokacin taki ya wuce.

KUƊIN DA BA A RUBUTA A TAKARDA BA

Rangwame na gaskiya shi ne abin da ya rage bayan an cire duk ɗawainiyar karɓa. Manomin da zai taso daga wani ƙauye na Gamawa ko Zaki ko Itas zuwa cibiyar karɓa zai biya kuɗin mota zuwa da komowa, da kuɗin dakon buhu, da na abinci, ga kuma yinin aikin gona da ya rasa. In ya je sau uku kafin kaya su iso, wani kashi mai yawa na rangwamen ya tafi a hanya.

Maganin wannan shi ne haɗa kai. Manoman unguwa ɗaya su wakilta mutum guda ya riƙa bincika ko kaya sun iso, sa'an nan su tafi rana ɗaya, su yi shatar mota ko amalanke guda. In ƙa'idar shirin ta ce kowa ya zo da kansa, to, a je tare. Ɗan baranda ba ya samun fuskar mutanen da suka zo a ƙungiya.

ƘA'IDOJIN RANAR KARƁA

1. Manomi ya yi rajista da sunansa na gaskiya, da lambar wayar da ke hannunsa kullum. Tun daga watan Disamba na 2020 hukuma ta wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, don haka ya tabbatar layinsa a haɗe yake, kada a rufe shi saƙo ya wuce shi.

2. In saƙo ya zo, kada ya goge shi. Wanda bai iya karatu ba ya kai wa ɗansa ko wani amintacce, a kwafe lambar a takarda a adana. Kada a faɗa wa kowa lambar sai ma'aikacin cibiyar karɓa.

3. Ya san adadin da zai biya tun daga gida. Kada ya biya ko sisi fiye da haka da sunan kuɗin fom ko kuɗin layi, kuma ya karɓi rasit.

4. Ya duba buhu kafin ya ɗauka: ɗinkin baki na masana'anta ne ko an sake ɗinkewa, sunan kamfani da lambobin sinadari suna jiki, takin bai jiƙe ya dunƙule ba. In akwai sikeli a auna, domin buhun kilo 50 ya kamata ya cika kilo 50. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta haramta gurɓata taki da tauye nauyin buhu.

5. Kada ya yarda a ce ya biya yau ya zo ya ɗauki kaya wata rana ba tare da shaida a rubuce ba. Wannan cinikin biri a sama ne.

6. Ya lura da ranar cikar wa'adi. Takardar da wa'adinta ya wuce ba ta da sauran amfani.

AMFANI DA TAKIN YADDA YA DACE

Takin da aka samu da rahusa, in aka zuba shi ba bisa ƙa'ida ba, rangwamen ya tafi a banza. Kamfa yana ɗauke da sinadari uku, lambobin da ke jikin buhu kuwa, kamar 15:15:15 ko 20:10:10, suna nuna yawan kowanne cikin ɗari. Shi ake fara sawa, da shuka ko a makonnin farko bayan tsiro. Yuriya kuwa sinadari ɗaya gare ta, mai sa ganye ya yi kore, kashi 46 cikin 100, ita ake sawa daga baya sa'ad da shuka ta fara tasawa. In aka watsa yuriya a kan busasshiyar ƙasa aka bar ta a fili, rana da iska za su kwashe ƙarfinta. Sai a sa ta ƙasa tana da laima, a ɗan nesa da gindin shuka, a rufe da ƙasa. Gyaɗa da wake ba su bukatar yuriya da yawa, sufa ya fi yi musu amfani.

Ga mai gonar gero a jigawa wanda takinsa bai kai ya game gona ba, akwai dabarar da masana na cibiyar ICRISAT suka gwada a Jamhuriyar Nijar, watau sa ɗan taki kaɗan, wajen giram 6 na kamfa, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, a kowane rami. Ta haka taki kaɗan yakan isa fili mai yawa, kuma shuka ce ke cinsa, ba ciyawa ba. Har wa yau, takin zamani ya fi yin aiki a gonar da aka kai wa takin gargajiya da rani, domin shi ne ke riƙe laima a cikin rairayi. Masu noman rani na shinkafa da alkama da kayan lambu a fadamun kogin Jama'are su nemi shawarar malamin gona a kan adadin da ya dace da kowane amfani.

RANGWAMEN KANTUNA DA KAMFANONI

Ma'aikata da 'yan kasuwa na cikin garin Azare, da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, sun fi gamuwa da wani irin rangwame: garaɓasar kamfanonin waya, da lambobin ragi na masu sayar da kaya ta intanet, da tallan “sayi biyu a ba ka ɗaya”. Ƙa'idar dai ba ta sauya ba. Kafin mutum ya yi amfani da irin wannan, ya tambayi kansa abu huɗu.

Na farko, da ba don rangwamen ba, zai sayi wannan kaya a wannan wata? In amsar a'a ce, to, takardar ta ƙara masa kashe kuɗi ne. Wanda ya sayi kayan Naira 20,000 da ba ya bukata a kan Naira 15,000, ya yi hasarar Naira 15,000.

Na biyu, nawa ake sayar da irinsa a kasuwa? Wani mai kanti yakan ɗaga farashi sa'an nan ya yi shelar ragi. Sau da yawa farashin kasuwa, in an taya an daidaita, ya fi na kanti mai rangwame sauƙi. Mai saye ta intanet kuma ya haɗa da kuɗin kawowa.

Na uku, kayan za su ƙare kafin su lalace? Akan yi wa madara da magani da kayan gwangwani ragi sa'ad da wa'adinsu ya kusa cika. A duba ranar ƙarewa da lambar hukumar NAFDAC. Garaɓasar waya ma tana da wa'adi, wata ta kwana ɗaya ce, wata kuma sai da tsakar dare take aiki.

Na huɗu, akwai wani sharaɗi a ɓoye? Wata garaɓasar takan riƙa sabunta kanta tana cire kuɗi a kai a kai har sai mutum ya soke ta. Wata takardar kuma ba ta aiki sai an sayi kaya na wani adadi mai yawa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Hanya mafi sauƙi ta tsare kai ita ce maigida da uwargida su rubuta bukatun wata tun kafin a fita kasuwa, a sa wa kowane abu kuɗinsa. Rangwamen da ya faɗo a kan abin da ke cikin jerin, a karɓe shi, a kuma ware rarar da aka samu a sa a asusu. Rarar da ba a ware ba, ba a sanin inda take shiga.

A YI HATTARA DA MAZAMBATA

Duk sa'ad da aka yi shelar wani shirin tallafi, mazambata sukan tashi. Sukan buga waya ko su aiko da saƙo cewa mutum ya ci rabo, su nemi ya turo kuɗin rajista ko ya faɗi lambar sirri ta katinsa na banki. Babu wani ma'aikacin gwamnati ko na banki da aikinsa ya ba shi ikon tambayar lambar sirri. Haka kuma saƙonnin da ake yaɗawa ta WhatsApp da Facebook, masu cewa a latsa wani wuri a tura wa mutum ashirin don a sami tallafi, tarko ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wanda aka nemi ya ba da cin hanci kafin a sa sunansa, ko aka ba shi gurɓataccen taki, ko aka tauye masa buhu, ya sanar da malamin gona da shugaban ƙungiyarsa da mai unguwa ko dagaci, a kai maganar sashen aikin gona na ƙaramar hukuma ko ofishin shiyya da ke Azare. Ƙorafi a kan kantuna da kamfanoni kuwa, akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wadda aka kafa da dokar da aka sa wa hannu a 2019. Rasit da saƙon waya su ne shaida, don haka a adana su.

KAMMALAWA

Ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, da malaman gona da shugabannin ƙungiyoyin manoma maza da mata, su bayyana wa jama'a abin da ke cikin wannan bayani, musamman waɗanda ba su iya karatu ba. Lokacin da ya fi dacewa a yi haka shi ne da kaka, sa'ad da amfani yake hannu, domin a lokacin ne manomi yake da ikon ware kason takinsa. Manomi ya yi rajista da wuri, ya tanadi kasonsa, ya riƙe lambarsa, ya duba buhunsa, ya zuba takinsa a kan kari. Magidanci na cikin gari kuma ya rubuta bukatunsa kafin ya saurari talla. In kunne ya ji, jiki ya tsira.